Horo da Sabo: Tarken Labarin Yaro da Shahonsa na Barry Hines

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan maƙala ƙaramin abu ne. A bazarar da ta wuce wani yaro maƙwabcinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗan kimanin shekara goma sha uku, ya shigo zaurena da ɗan shaho a cikin kwali, wai iska ce ta kaɗo shi daga wata darbejiya a wajen Titin Gidan Zu. Tsuntsun bai gama fitar da gashi ba. Yaron nan ya ɗora wa kansa renonsa, kullum in an taso daga makaranta sai ya taka har Kasuwar Tarauni wurin masu fige kaji ya roƙo hanji da 'yar tsoka. Mahaifiyarsa, da yake tana da 'yan tsaki a tsakar gida, ba ta ɓoye ƙin abin ba, samarin unguwa masu kiwon tattabaru kuwa har alwashi suka sha a kan tsuntsun. Ba su kai ga cika alwashin ba. Kafin mako huɗu ƙafafun ɗan shahon suka lanƙwashe, ya kasa tsayuwa, ya mutu. Dalili kuwa shi ne shaho a daji yana cin abin da ya kama ne da ƙashi da gashi, daga ƙashin nan nasa ƙashin yake samun ƙwari, gashin kuma daga baya ya amayar da shi a dunƙule. Wanda aka ciyar da tsoka zalla yana ƙarami, ƙashinsa laushi yake yi.

Tun kafin tsuntsun ya mutu yaron ya tambaye ni, "Malam, ba ka da littafin da ya faɗi yadda ake yi?" Na duba kantata, ban ga abin da zan miƙa masa da Hausa ba. Abin da hannuna ya kai gare shi wani ƙagaggen labari ne na Ingilishi, A Kestrel for a Knave, wanda Barry Hines ya wallafa a 1968, Ken Loach kuma ya mai da shi fim mai suna Kes a 1969. Shi ne zan feɗe a nan, in dubi jigonsa da salonsa, sa'an nan in dubi abin da zai tarar da mai son juya shi zuwa Hausa.

Labarin a Taƙaice

Billy Casper yaro ne ɗan shekara goma sha biyar a wani garin masu haƙar kwal a arewacin Ingila, irin yankin Barnsley inda shi marubucin ya tashi. Ubansa ya bar gida, uwarsa ba ta kula da shi, wansa Jud mai aikin ramin kwal kuwa dukansa yake yi. A makaranta an riga an yanke masa hukunci cewa daƙiƙi ne. Wata rana ya ɗauko ɗan ƙaramin shaho daga sheƙa a bangon wani tsohon kufai, ya je ɗakin karatu neman littafin horon shaho aka hana shi aro, ya shiga kantin littattafai ya sato, ya hori tsuntsun har yana sakinsa ya yi shawagi ya komo hannunsa. Ranar da Jud ya ba shi kuɗi ya kai gidan cacar sukuwa, sai ya kashe su wajen abinci. Dawakin da Jud ya zaɓa suka ci. Jud ya huce a kan shahon, ya kashe shi ya jefa a kwandon shara. Duk wannan a yini ɗaya yake faruwa, abin da ya wuce kuwa ta hanyar waiwaye ake kawo shi.

Sunan littafin ya fito ne daga wani jeri na Turawan ƙarni na 15 wanda ya raba tsuntsayen farauta bisa darajar mutane, daga sarki har zuwa bara. Na bara shi ne wannan ƙaramin shaho, mai tsayawa cik a iska yana kaɗa fiffike in yana haƙon ɓera. Da hunturu irinsa sukan ƙetaro daga ƙasashen Turai har zuwa ƙasarmu.

Shaho a Wajen Bahaushe

Wahalar farko da mai karatu Bahaushe zai gamu da ita ita ce matsayin tsuntsun kansa. A wajenmu shaho da shirwa ɓarayi ne. Daga tsakar gida muke kallonsu, watau daga wajen kaza, shi ya sa muke cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Farautar da muka gada ta kare ce da gora da kwari da baka da tarko, Sarkin Baka bai san ɗaukar tsuntsu a hannu ba. Haka nan tsuntsun da ya fi suna a rubutaccen zubenmu, watau akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, bakinsa ne ya ba shi sarauta. A tatsuniya ma dabba mutum ce da aka sa wa gashi ko fiffike, tana magana, tana wayo, tana auren 'yar sarki. To, shahon Hines ba ya magana, ba ya wayo, ba ya saka alheri. Tsuntsu ne kawai daga farkon littafin har ƙarshensa, wannan kuwa baƙon abu ne ga wanda ya tashi da Gizo da Ƙoƙi.

Amma fa kuskure ne a ce Bahaushe bai taɓa jin labarin horarren shaho ba. Ya ji, a zaure. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya bi ta babin da ya haɗa layya da yanka da farauta, inda aka halatta cin abin da horarren kare ko horarren bazi ya kashe muddin mai shi ne ya aike shi. Asalin hukuncin yana aya ta 4 ta Suratul Ma'ida. Malami a zaure yakan fassara bazi da shaho, almajiri ya maimaita, a wuce. Ƙarni bayan ƙarni ke nan ana karanta hukuncin wata sana'a a Kano, a cikin mutanen da ba sa yin ta. Mun riƙe fiƙihun abin, Larabawa da Farisawa da Turawa suka riƙe aikinsa. Usama ibn Munƙiz, wanda ya rasu a 1188, ya cika ƙarshen littafinsa Kitabul I'itibar da labarin shahunan mahaifinsa a ƙasar Sham, Sarki Frederick na Biyu kuma, mai mulkin Sisili wanda ya rasu a 1250, ya rubuta babban littafi a kan sana'ar, a wajen Larabawa kuma ya koyi rufe kan tsuntsu da hular fata.

Jigo: Horo Iri Biyu

A ganina jigon littafin nan horo ne, kuma sa'ar da muka yi ita ce kalmar Hausa ta fi ta Ingilishi ɗaukar nauyinsa. Mu dubi inda take shiga. Ana horar da doki, watau a koya masa. Alƙali yakan yi wa mai laifi horo, watau ya hukunta shi. Malamai sukan ce horo da kyakkyawa da hani da mummuna, a nan horo umarni ne. Sa'an nan in abu ya zo wa mutum hannu cikin sauƙi mukan ce Allah ya hore masa. Koyarwa da hukunci da umarni da mallaka duk saiwa ɗaya ta ɗauke su, har ya zama da wuya Bahaushe ya ambaci ɗaya bai ji inuwar sauran ba. Abin da Hines ya yi shi ne ya raba ma'anonin nan, ya ba makaranta wasu, ya ba yaro wasu, ya jera su a yini ɗaya don mai karatu ya gwada.

Horon makaranta na bulala ne. Shugaban makarantar, Mista Gryce, yana tara yara a ofishinsa ya zane su, alhali shi da bakinsa ya yarda dukan ba ya gyara su, gobe ma su ɗin ne za su dawo. A cikin waɗanda ya zane har da wani ɗan ƙaramin yaro da aka aiko da saƙo, wanda manyan yara suka tilasta wa riƙe musu taba, ba a ko bari ya faɗi abin da ya kawo shi ba. Malamin wasanni kuma, saboda Billy ya sa ƙungiyarsa ta sha kaye a ƙwallo, ya tsare shi a ɗakin wanka ya sakar masa ruwan sanyi. Babu malamin firamare ko na allo a ƙasar nan da zai karanta waɗannan shafuka bai ji an taɓa shi ba, ni ma da nake rubutun ban fita ba. Mukan fake da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu manta ɗanyen icce ma yana karyewa.

Horon shaho kuwa ba ya karɓar duka ko kaɗan. Kare in ka buge shi zai dawo yana kaɗa wutsiya, domin dabbar garke ce, ta san babba da ƙarami. Shaho shi kaɗai yake rayuwa, bai san shugaba ba, abin da duka zai koya masa kawai shi ne kai abin gudu ne. Don haka hanyar guda ce. A ɗauke shi a hannu sa'o'i da yawa kullum, da fari a wuri mai duhu da shiru, sannu a hankali a fito da shi cikin mutane da karnuka da motoci har ya daina firgita. A riƙa auna nauyinsa, domin in ya ƙoshi ba zai kula ka ba, in yunwa ta yi yawa kuma ƙaramin tsuntsu irin wannan, wanda nauyinsa bai wuce giram 200 da 'yan kai ba, kwana kaɗan zai yi ya mutu. A koya masa tsallakowa hannu don loma ɗaya, daga taku ɗaya zuwa taku goma zuwa tsawon fili, yana ɗaure da doguwar igiya, sai ranar da za a kwance igiyar. Billy, yaron da aka ce ba ya iya zama wuri ɗaya minti biyar, shi ya yi wannan duka, ba mai tsaye a kansa.

A nan ne maganar malaman fiƙihu ta ba ni mamaki da na koma mata. Masu sharhin Muhtasar na Halilu sun bayyana horarriyar dabba da cewa ita ce wadda in an aike ta za ta tafi, in an tsawata mata za ta tsaya. Sai kuma suka ce sharaɗi na biyu ba a neman sa ga bazi, domin shi ba ya tsayawa don tsawa. Watau dai shaho yana karɓar horo, ba ya karɓar hani. Mutanen da suka rubuta wannan sun san tsuntsun. Kusan abin da Billy ya gaya wa malaminsa Mista Farthing ke nan a bukkar da yake ajiye shahon, inda ya nuna haushinsa ga masu tambayarsa ko tsuntsun ya zama na gida. A wajensa shahon bai zama na gida ba, ya dai saba da shi, yana nan da zafinsa, bai damu da kowa ba, kuma abin da ya sa yake girmama shi ke nan. Mukan ce sabo turken wawa. Hines ya nuna wani sabo wanda ba turke a cikinsa, domin kullum aka saki tsuntsun yana da ikon ya tafi.

Za a fi gane ƙimar wannan in an gwada shi da littafin T. H. White, The Goshawk, wanda ya fito a 1951. White malamin makaranta ne da ya bar aiki a 1936, ya tare a wata bukka, ya sa aka kawo masa babban shaho daga Jamus. Ya bi tsohuwar hanya da ya samo a littafin Edmund Bert na 1619, watau ya hana tsuntsun barci, shi ma ya hana kansa, dare bayan dare, har gajiya ta sa shahon ya yi barci a hannunsa. Ya riƙa cika shi da abinci, sa'an nan ya yi fushi don bai zo kira ba. A ƙarshe igiya ta tsinke, tsuntsun ya tafi. White ya fi Hines iya jimla nesa ba kusa ba, amma shi yaƙi ya ɗauki abin, wane ne zai rusuna wa wani. Helen Macdonald, a littafinta H is for Hawk na 2014, ta bi rayuwarsa ta nuna yadda mutumin da aka rena da tsoro da bulala ya juye wannan a kan tsuntsu ba da saninsa ba. Billy ma da duka aka rene shi, bai kuwa juye a kan nasa ba. Ko wannan gaskiyar rayuwa ce ko fatan marubuci ne, mai karatu ya yanke. Ni dai na fi karkata ga cewa akwai gaskiya a ciki, ganin cewa ƙanen marubucin, Richard Hines, wanda shi ma makaranta ta yar, ya hori irin wannan shaho yana saurayi, kuma yana cikin waɗanda suka hori tsuntsayen da aka yi fim ɗin da su.

Darasin Allo da Matsalar Fassara

Wurin da ya fi kowane ƙarfi a littafin aji ne. Mista Farthing yana koyar da bambancin labarin gaskiya da ƙagagge, ya matsa wa Billy ya faɗi wani abu na gaskiya game da kansa. Yaron ya fara da in'ina, sa'an nan bakinsa ya buɗe. Da ya ambaci sunayen kayan aikin, malamin bai san su ba, sai ya sa shi ya riƙa faɗo haruffansu, shi malamin yana rubuta su a allo. Na ɗan lokaci daƙiƙin aji ya zama malami, malami ya zama ɗalibi, ba don komai ba sai don yaron ya mallaki kalmomin da ba wanda ya mallaka a ɗakin. Bayan haka aka ce kowa ya rubuta ƙarya tsagwaronta. Ƙaryar da Billy ya iya ƙagowa, cikin rubutu mai cike da kurakurai, ita ce an kawo masa karin kumallo a gado, ubansa ya dawo gida, malamai sun yi masa magana da daɗi. Marubucin bai ƙara ko kalma ɗaya ta sharhi ba, ya kuwa kyauta.

To, yaya za a yi da wannan fage a Hausa? In mai fassara ya bar kalmomin da Ingilishi, ya kashe fagen, domin mai karatu zai ɗauka yaron Turanci ya iya, alhali sana'a ya iya. In ya bayyana kowace da doguwar jimla, babu abin rubutawa a allo. Shawarata ita ce a nemi kalmomin a bargar doki da wajen makiyaya da masunta. Doguwar igiyar da ake kiran tsuntsu da ita kafin a sake shi, talala ce, ba ta bukatar ƙari, har ma ta zo da ma'anar ɗaurin talala wadda ta dace da rayuwar yaron kansa. Gungumen da yake sauka a kai turke ne. Ƙunshin fata da fiffike da ake ɗaura wa nama a riƙa wulwulawa a iska don ya kawo bara, koto ne, kamar na bakin ƙugiya. Fizgar da yake yi ya faɗo daga hannu yana reto, tutsu ce. Inda za a yi hattara shi ne 'yan guntayen fatar da ake ɗaura wa kowace ƙafa a riƙe a yatsu. Dabaibayi ba zai yi ba, tarnaƙi ma haka, domin su ƙafa biyu suke haɗewa su hana tafiya, waɗannan kuwa da su tsuntsun yake tashi. Gara a ce maɗauran ƙafa, a bar wa dukawa su raɗa musu suna ranar da aka kai musu aikin. Akwai kuma matsalar jinsi. Nahawunmu ya sa shaho namiji, shirwa mace, alhali a tsuntsayen nan macen ta fi namijin girma, ita kuma masu sana'ar suka fi so.

Karin harshe ya fi wannan wuya. Yaran littafin da karin Yokshiya suke magana, wanda masu ilmin Ingila suke rainawa, malamai kuma suna magana da daidaitaccen Ingilishi. Ɗalibaina da na ba su shafi biyu su gwada, yawancinsu Sakkwatanci suka sa a bakin Billy. Wannan kuskure ne babba. Sakkwatanci harshen waƙoƙin masu jihadi ne da manyan makaɗan fada, ba ya ɗauke da ƙasƙancin da ake nufi. Bambancin da Hines yake nunawa na matsayi ne, don haka Hausar tasha da bakin kasuwa ta cikin Kano ita ta fi kusa, a bar malamai da Hausar littafi. Ba yau aka fara irin wannan aiki ba, Ibrahim Yaro Yahaya ya yi Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya yi Gandun Dabbobi, sai dai su ba su gamu da karin harshen talaka a matsayin ƙashin bayan labari ba.

Inda Littafin Ya Gaza

Uwar Billy da wansa ba mutane ba ne cikakku, an zana su ne don su zama duhun da zai fito da hasken yaron. Jud saurayi ne da yake shiga rami tun asuba, kuɗin cacar nan kuwa sun fi ƙarfin abin da zai yafe, amma marubucin bai ba mu ko shafi ɗaya daga cikin zuciyarsa ba. Fagen ƙarshe kuma, inda yaron ya fasa tsohon gidan silima ya zauna cikin duhu yana tuna ubansa, salonsa ya kumbura ya bar sauƙin da aka taho da shi. Fim ɗin ya yar da wannan fage, ya tsaya a binne tsuntsun, ya kuma fi.

Babban aibin a wajena shi ne an ɓoye wahalar horon. Da yake a bakin yaron muka ji shi, bayan an riga an ci nasara, ba mu ga daren da tsuntsun ya ƙi ci ba, ba mu ga kuskure ko ɗaya ba. White, duk da wautarsa, ya fi gaskiya a nan. Yaron da ya karanta Hines zai ɗauka abin da ake bukata shi ne sheƙa da littafi ɗaya da ƙauna, alhali mafi yawan 'yan shahun da yara suke ɗaukowa ƙarshensu irin na Gyaɗi-Gyaɗi ne. Wanda aka ɗauko da wuri ƙwarai ma, in ya rayu, yakan ɗauki mutum a matsayin uwarsa, ya yi ta kuka yana neman abinci har girmansa. Sa'an nan a lura, shahon Billy bai taɓa kamo masa komai ba. Yaron ne yake harbo gwara da bindigar iska ya kawo masa. In da za a kai maganar gaban mai karanta Risala, zai ce ai wannan ba farauta da shaho ba ce, shahon ne ya sami mafarauci.

Na ba maƙwabcin nawa labarin da baka, a zaure, dare biyu, na kuwa rage ƙarshensa ban faɗa ba sai da ya matsa. Da ya ji abin da Jud ya yi bai ce komai a kansa ba. Abin da ya tambaya shi ne tsawon talalar, da kuma ko fatar akuya za ta yi maɗauran ƙafa.